Inda Ake Tsayawa

A Rafindadi, bayan shagon mai gyaran rediyo,
akwai zaure mai ƙyauren langalanga.
Nan Goggo Tasalla ke koyar da baki.
Dubu biyu a wata, ko tiyar gero,
wanda bai da ko ɗaya, ga tsintsiya, ya hau sharewa.

Ni na zo da i'ina da keke napep,
na ajiye shi a gindin darbejiya.
Na ce, "Go-go-goggo," ajin ya fashe.
Ba ta yi dariya ba. Goro ta ɓara.
Ta ce, "Waɗannan harshensu ba birki,
shekara zan yi ina koya musu tsayawa.
Kai kuwa ka zo da hajar da nake sayarwa."

Wata uku ban ba da labari ba.
Numfashi muke ja, daga cibiya.
Ta tura mu kasuwa ba ko sisi:
mu ji yadda mai tattasai ke rantsuwa,
yadda dillali ke sassauta murya in ƙarya ta matso,
yadda tsoho ke tari kafin ya ce a'a.
"Murya biyar kafin la'asar,
kuma ta gidanku ba na karɓa, kada ku yi wahalar kawowa."

Ta ce labari guga ne.
Wanda ya saki igiya duka, ya koma gida da hannu.
Ka kai kura bakin ƙofa, ka bar ta nan,
ka kurɓi ruwa, ka gyara zama,
har na can baya ya ce, "Sai me?"
Ran da ba a ce ba, kuɗin mutane sai mayarwa.

Litinin gidan rediyo.
Laraba malaman firamare a Batagarawa,
masu gemu suna koyon kukan agwagwa.
Ni ke tuƙi, ni ke riƙon jaka:
ƙwarya, jan tsumma, ƙararrawar akuya.
Da su take yin kogi, da gobara, da garin wayewa.

Alhamis ɗakin yara a asibiti. Wannan ba kuɗi.
Rannan fanka ta tsaya, ɗakin na warin magani.
Ta ɗauko labarin kwaɗon da aka ba saƙon damina,
ta kawo shi har bakin ruwa,
sai murya ta ɗauke mata kamar wuta.
Baki na motsi, ba abin da ke fitowa.

Wata Balaraba, allura a bayan hannu,
ta ɗago kai daga filo: "Sai me?"
Goggo ta daki gwiwata.

Na ce, "Kwa-kwa-kwa..."
Kalmar ta maƙale inda ta saba maƙalewa.
Gumi ya sauko mini har ƙeya.
Sai wani mai filasta a ƙafa ya ce,
"Ku yi shiru, kwaɗon ne ke magana!"
Na bar shi ya yi.
Duk inda harshena ya turje, kwaɗo ya huta kan dutse,
gado tara suna jiran ya yi tsalle.
Nas ta tsaya da tire a ƙofa,
har muka kai saƙon, gero ya fara tsirowa.

A hanya ba ta ce komai ba.
Mun wuce Gobarau ana kiran magariba,
ni kuwa ina jiran yabo kamar ɗan yaye.
Sai a ƙofar zaure ta kwance bakin zane,
ta ƙirgo dubu biyu ta wannan wata,
ta ɗora ƙararrawar akuya a kai,
ta ja kunnena kusa, da ɗan raɗan da ya rage:
"Ka yi sauri a dutse na uku.
Litinin bakwai da rabi. Ban da makara,
mai rediyo bai san daɗin jira ba, shi ma yana buƙatar koyarwa."